Ciyawar da Inna Ta Shinshino a Kasuwar Rogo

Wata shekara mura ta kama Inna, mahaifiyata, ta riƙe ta da kyau, ta tafi da hancinta gaba ɗaya. Ko daddawa aka kai mata kusa ba ta jin komai. Miyarta ta lalace, don Inna da hanci take girki, ba ta cika ɗanɗanawa ba. Baba ya ci miyar nan da haƙuri, sai dai duk ranar da ya wanke hannu yakan ce, "Allah ya dawo mana da hancin gidan nan lafiya."

Hancin ya dawo, amma da rigima ya dawo.

Gidanmu yana Daura, tamu ta Karaye. Ni kuwa aure ya kai ni Unguwar Hajji, inda nake ɗinki a cikin gida, kuma da yake ba wata tafiya ba ce mai nisa, nakan leƙa su a kai a kai. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake a bakinta, in kuma ranta ya yi daɗi in zama "wannan yarinyar", ko da yake a lokacin ina da 'ya'ya uku.

Ran nan na shiga da hantsi na tarar da ita zaune a tabarma, ga faifan wake a cinyarta amma ba ta tsincewa. Ta ɗaga kai sama tana jan numfashi a hankali. Muka gaisa, na tambayi jiki, ta amsa sama-sama.

"Ke, kin ji wani ƙamshi?"

"Na ji ƙaurin tuwon jiya."

"Ba shi ba. Ba ma a gidan nan yake ba. Da asuba ya zo mini, ina kan sallaya. Kamar na lemun tsami, kamar na citta, kamar na ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta. Amma ba ko ɗaya ba ne a cikinsu."

Na ce mata wataƙila ragowar murar ce. Ta girgiza kai.

"Ƙamshin matashin kan innata ne. Ciyawa ce a ciki."

Na zauna. Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ambaci mahaifiyarta da bakinta ba. Abin da muka sani kaɗan ne. Kakanmu makiyayi ne a Zoza, can ƙasar Rogo. Wata damina ya bi shanu arewa har bayan iyaka, ya dawo da mata, doguwa, mai ƙarancin magana. Ta haifi Inna, ta haifi Kawu, ta rasu Kawu yana goye. Inna a lokacin ba ta fi ta riƙe ƙwaryar nono da hannu biyu ba. Goggonsu ce ta raine su, ita ma ta daɗe da rasuwa. Babu hoto, babu wani dangi daga can da ya taɓa zuwa. Inna ta ce ko fuskar ba ta tunawa, sai wannan ƙamshi da ya faɗo mata bayan shekaru sittin da wani abu.

"Ina so in sake jin sa a waje, ba a cikin kaina ba," in ji ta.

Baba ya yi aikin magatakarda a wajen dagaci har ya ajiye. Aikin ya bar shi da halin yi wa mutum tambayoyi kamar wanda ya kawo ƙarar gona. Da labarin ya kai masa, sai ya rage muryar rediyo, ya gyara zama a bakin zaure.

"Innar yara, ciyawar nan tana da suna?"

"Malam, da na san sunanta ai da ban tambaye ku ba."

"Tsayinta fa? Ta kai gamba?"

"A cikin matashi na san ta."

"Launinta?"

"Na ce maka a cikin matashi take."

"To madalla. Ana cigiyar ciyawa, ba suna, ba kamanni, ba unguwa. Allah ya sa a dace."

Aka shiga nema. Ƙanena da ke aiki a Kano ya zo da damin ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da mutanen birni ke jefawa a shayi, yana ta washe baki, ya tabbata ya gama aikin. Inna ta murza ganye ɗaya, ta kai hanci, ta ce wannan ƙamshinta ya cika surutu. Ni na je wajen masu kayan ƙamshi na sayo jema da kajiji. Ta ce jema ta randa ce, kajiji na amare ne, kada in raina mata hankali. Kawu ya aiko da tsaure daga Zoza, dami guda, a bayan babur. Wannan ta daɗe tana shinshinawa, har muka fara murna, sannan ta ajiye.

"'Yar uwarta ce, amma ba ita ba ce."

Kafin wani lokaci tsakar gidanmu ta cika da ciyayi. Maƙwabta suka ji, kowa ya je gona sai ya tsinko wani abu ya aiko. Awakin Inna ba su taɓa jin daɗin duniya kamar wannan shekarar ba. Baba kuwa in baƙo ya yi sallama yakan ce, "Shigo a hankali, muna da asibitin ciyawa a ciki."

Bayan kaka aka yi haihuwa a gidan Kawu, muka tafi suna Zoza ni da Inna. Gidan Kawu yana gefen gari, ga gona a gaba, ga garke a baya. Da shi da Inna in sun haɗu Fillanci suke yi, sai in za su yi faɗa su koma Hausa don kowa ya ji. Adda yake ce mata, wato yaya. Aka yi suna lafiya, muka kwana, washegari ta kama ranar kasuwar Rogo. Inna ta ce tana son sabuwar ƙwarya da kanwa, Kawu kuma yana da ɗan maraƙin da zai duba, saboda haka muka ɗunguma mu uku.

A gefen kasuwa, wajen da ake sauke rake, akwai masu raƙuma. Duk shekara bayan an yi girbi sukan sauko daga arewa su yi dakon rake da masara daga gonakin da mota ba ta shiga, in zafi ya fara su koma. Mun saba ganinsu, ba mai kula su sai yara. Muna wucewa ina gaba, ina lissafin zaren da zan saya, sai na ji ba takun Inna a bayana. Na waiga. Tana tsaye cik a tsakiyar hanya, mai kura yana ta yi mata magana ta matsa, ba ta ji ba. Hancinta na sama.

Sai kawai ta juya ta nufi raƙuman.

Inna mace ce mai kunya. Ko a gidan biki ba ta shiga tsakiyar mutane. Amma ran nan ta ratsa masu rake, ta wuce ta gaban wani raƙumi da ke durƙushe yana tuƙa, ta zagaya gefensa, ta durƙusa, ta kafa fuskarta a jikin akumarin da ke bayansa, wato katifar nan da ake shimfiɗa wa dabba kafin a ɗora mata kaya. Raƙumin ya juyo da dogon wuyansa ya dube ta, ya saki wani irin gurnani da ya sa mai tallan gyaɗa ta zubar da farantinta.

Mai raƙumin yana can gefe yana dafa shayi. Ya miƙe da sauri, dogo ne, rawaninsa ya rufe komai sai idanu.

"Hajiya! Hajiya, lafiya? Yana cizo fa!"

Inna ba ta ɗago ba. Mutane suka fara taruwa. Na ji wani yana cewa aljanu ne, wata ta ce a'a, magani ne ake yi da gumin raƙumi, ita ma ta taɓa ji. Kawu ya iso yana haki, ya buɗe hannuwa yana korar jama'a kamar yana kora shanu daga gonar mutane. Ni kuwa in ƙasa za ta tsage da na shige.

Da Inna ta ɗago, idanunta sun yi ja. Ta dubi mutumin, sai a lokacin ta tuna ba ta yi sallama ba. Ta ja mayafi ta gyara, ta gaishe shi a tsanake, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta tambayi dabbobi, shi ma ya amsa ɗaya bayan ɗaya yana kallonta da mamaki. Sannan ta nuna akumarin.

"Bawan Allah, me ka cusa a cikin wannan?"

"Wannan? Ciyawa ce kawai."

"Wace ciyawa?"

Ya faɗi wani suna da yarensu wanda harshena bai iya juyawa ba. Sannan ya ce, "Hausawan wajenmu nobe suke ce mata."

"Nobe," in ji Inna. Ta sake faɗa a hankali. Ta juya wajen Kawu ta yi masa magana da Fillanci, gajeriya, Kawu ya sauke hannuwansa.

Da mutumin ya ji labarin, sai ya zaro wuƙa ya ɗan farke ɗinkin akumarin, ya zaƙulo cikin tafin hannu ya ba ta. Busasshiya ce, siririya, ta murƙushe saboda nauyin kaya. Ya ce a ƙasarsu ita ce ko'ina, a kan tudu da cikin tsakuwa inda ba abin da ke fitowa. Ba ta da tsayi, iyakarta gwiwa, a dunƙule take tsirowa kamar an dasa tsintsiya. In rani ya yi ta bushe ƙurmus, in ruwa ya sauka ta farfaɗo daga tushenta, shekara da shekaru. Suna rufin ɗaki da ita, suna cusa ta a akumari da matashi don ƙwari ba sa son ta, mata kuma suna dafa ta in ciki ya murɗa.

Inna ta ce a sayar mata da akumarin gaba ɗaya. Ya yi dariya ya ce in ya sayar, bayan raƙuminsa zai yi gyambo kafin ya kai gida. Na hannunta kuwa kyauta ne, ba a sayar da ciyawa.

"To mai rai nake so. Wadda zan dasa."

Ya mayar da wuƙar kube. "Sai dai baɗi, in Allah ya kai mu. In zan sauko in haƙo miki da saiwarta. Ina ne gidan?"

"Daura. In ka zo ka tambayi gidan magatakarda, kowa ya sani."

Ina tsaye a wajen aka yi wannan magana, Kawu ma yana tsaye, kuma ba wanda ya ga wani abin gyarawa a cikinta. Kawu ya karɓi lambar wayarsa, shi kuma tasa wayar ba caji, bai karɓi tamu ba. Muka koma gida ba ƙwarya ba kanwa.

Inna ta ƙulle ciyawar a ƙyalle ta sa a cikin kwalla. Ta miƙa wa Baba ya shinshina. Ya ja numfashi sau biyu, ya yi tunani kamar mai yanke hukunci.

"Ni dai raƙumi nake ji."

"Sunanta nobe."

"Nobe? Ai da kin ce nobe tun farko."

"Ka san ta ne, Malam?"

"Ban san ta ba. Amma da an sami abin rubutawa."

Shekarar ta yi wa Inna tsawo. Kawu ya gwada lambar nan ba adadi, kullum a kashe, don inda mutumin yake ba sabis. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka fara ganin raƙuma a hanyar Rogo, ba labari. Baba ya ce mutum mai bin raƙumi yana da abin tunawa da ya fi ciyawar wata tsohuwa. Inna ta ce idanun mutumin ba na maƙaryaci ba ne. Baba ya ce ai idanun kaɗai ta gani.

Ina gidan ranar da suka zo. Bayan azahar muka ji tsayuwar babur da sallamar Kawu. Na leƙa zaure, sai ga Kawu yana kafe babur, ga mai raƙumi yana saukowa daga baya da ƙyar, ƙafafunsa sun sandare, ya rungume wani tsohon gwangwanin madara a ƙirji. Ya ce gara ya yi wata a kan raƙumi da ya sake hawa wannan abin.

Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Inna tana daga bakin ƙofar cikin gida, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Sai da aka gama tambayar kowa da komai sannan baƙon ya dubi Baba.

"Malam, ashe Daura biyu ce?"

Baba ya ajiye carbinsa.

Ashe bawan Allah da ya tashi saukowa, ya haƙo ciyawar kamar yadda ya yi alkawari, ya biyo ta babbar Daura, ta Katsina, wadda dama kusan a kan hanyarsu take. A zatonsa Inna daga can ta zo ganin ɗan'uwanta a Rogo. Ya bar 'yan'uwansa da raƙuma a bayan gari, ya shiga da gwangwaninsa yana tambayar gidan magatakarda. Aka tambaye shi wanne, don suna da yawa. Ya ce wanda matarsa ke son ciyawa. Aka kai shi gida na farko, suka ce ba su san zancen ba. Aka kai shi na biyu, suka ba shi fura suka sallame shi. A wani gidan ma wata tsohuwa ta fito, kunya ta hana ta cewa ba ita ba ce, har ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Sai na ce, Hajiya, shinshina tukuna. Ta shinshina, ta yi atishawa. Na ce a'a, ba ke ba ce."

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗo. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan dariyar a gaban baƙo ba. Mutumin ya ce da ya gaji sai ya haƙura, ya ci gaba da tafiya da gwangwanin rataye a jikin raƙumi, ya ce in ya iso Rogo ko Allah zai haɗa shi da mai korar mutanen nan. Ran kasuwa kuwa ya hango Kawu a wajen masu shanu.

Aka miƙa wa Inna gwangwanin. Abin da ke ciki bai yi kama da abin da aka sha wannan wahala dominsa ba. Wani ɗan dunƙulen busasshen kara ne, an datse kansa, da ƙasa mai tsakuwa a gindinsa.

"Wannan ai tsohuwar tsintsiya ce," in ji Baba.

"Tana da rai, Malam. Barci take yi. A sa ta inda ruwa ba ya kwanciya, inda rana ke dukanta sosai. A ɗan jiƙa ta ranar da aka dasa, shi ke nan, a ƙyale ta sai damina. Kada a ba ta taki, kada a yi ta zuba mata ruwa, saiwar za ta ruɓe."

Baba ya hana baƙon tafiya sai da ya ci tuwo. Inna ta yanka zakara, ta ɗaure masa kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa ya kai wa iyalinsa. Shi kuma ya fito da 'yar butarsa ya dafa musu shayi a zaure, suka zauna shi da Baba har la'asar, Baba yana yi masa tambayoyi a kan hanya da rijiyoyi da yadda ake raba gado a ƙasarsu. Da za su tafi, ya roƙi Kawu don Allah ya tafi a hankali.

Baba ne ya zaɓi wurin dashen. A bayan ɗakin Inna akwai wani ɗan tudu inda aka taɓa zuba ragowar tsakuwa da yashin gini, ko ƙaya ba ta fitowa a wajen. Ya haƙa rami da kansa, ya sa ta, ya jiƙa, ya karkaɗe hannu ya ce an gama, kowa ya kama gabansa.

Inna ba ta iya kama gabanta ba. Mace ce da ta saba in tana son abu ta ciyar da shi. Ganin wannan abu a rana tsaka ba ruwa ya hana ta sukuni. Ba a jima ba Baba ya lura ƙasar wajen kullum a jiƙe take. Ya sa ido. Da azahar sai ga Inna ta ɗauko buta, ta wuce inda ta saba alwala, ta zagaya bayan ɗaki, ta tsuguna daidai kan ciyawar.

"Innar yara, me aka ce game da ruwa?"

"Ni ba ban-ruwa nake ba, Malam. Alwala nake."

"A duk faɗin gidan nan?"

"Nan ne ba santsi."

Baba ya ƙyale ta, don ba ya hana mutum alwala. Washegari ya samo ƙayar magarya ya kewaye wajen da faɗi, ya ce saboda awaki ne. Awakin kuwa tun ranar farko suka shinshina suka yi gaba, ba su sake waiwayarta ba. Inna ta koma watsa ragowar ruwan buta daga nesa, in ta ga ba kowa. Ni aka mayar alƙali. In na zo, Baba ya ja ni zaure ya ce in yi wa uwata magana za ta kashe abin da ta jira shekara guda. In na shiga ciki, Inna ta ce in gaya wa ubana ba a taɓa rayar da abu da ƙishirwa ba. Na ce wa kowannensu zan faɗa, ban faɗa wa kowa ba.

Bazara ta yi zafi a shekarar. Ciyawar ba ta motsa ba, sai ma ƙara bushewa da ta yi, ta koma fari-fari. A hankali Inna ta daina zagayawa bayan ɗaki. Wata rana ina yi mata tsifa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta mutu. Ki ce a tuge ta a zubar, na gaji da ganinta."

Na kai wa Baba saƙon, ina zaton zai ce dama ya faɗa. Sai ya ɓata rai.

"Mutum ya ɗauko abu daga bayan iyaka, ya zaga da shi Daura biyu, sannan mu zuba shi a shara? Ba a gidan nan ba. An ce sai damina, a jira damina."

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya. Ina kan keken ɗinki da safe wayata ta yi ƙara. Baba ne, wanda bai cika kira ba sai in an yi rasuwa ko haihuwa.

"Ki zo yanzu. Tsintsiyar ta yi gashi."

Na tarar da su biyu a bayan ɗaki, Baba ya janye ƙayar gefe. Daga cikin busassun karan nan wasu siraran ganye sun leƙo, kore mai haske, kamar allurai. Inna ta tsuguna, ta tsinki guda ɗaya, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta rufe hancinta da tafin hannu. Ni ma daga inda nake tsaye na ji shi, ƙamshi mai kaifi, mai ɗan ɗaci a ƙarshensa, ba warin raƙumi ko kaɗan.

Ta daɗe a haka.

"Tana da zoben azurfa a wannan yatsan," in ji Inna, ta nuna ɗan yatsanta na tsakiya. "In za ta kwantar da ni, da wannan hannun take tallafe mini kai. Zoben yana da sanyi."

Iyakar abin da ya dawo mata ke nan. Fuskar ba ta dawo ba, muryar ma haka. Amma Inna ta miƙe tana share ido da gefen zane, ta ce alhamdu lillahi, ta kuma tambaye ni ko na karya, don akwai sauran koko.

Kafin ƙarshen damina dunƙulen ya cika ya yi fure, wani fari-fari mai laushi. Inna ta yanka, ta shanya a inuwa, na ɗinka mata ɗan matashi da ragowar atamfa muka cusa. Ta dafa kaɗan muka ɗanɗana, na ce magani ne, ba abin sha ba ne. Baba ya ce bai ga laifinsa ba, ya riƙa jefa ganye ɗaya a shayinsa, kuma duk wanda ya zauna a zaurensa sai ya sha ya ji labarin Daura biyu, wanda a bakin Baba kullum gidajen magatakardan ƙaruwa suke yi.

Da damina ta zagayo, Inna ta sa aka tsaga dunƙulen biyu, ta sa rabi a ƙwarya, ta ce in raka ta Zoza. Mun sami Kawu a bayan gida yana gyaran turken maraƙi. Ta tsinki ganye ta murza ta miƙa masa. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya rufe ido, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sannan ya buɗe ido ya dube ta kamar mai neman gafara.

"Adda, ni ban tuna komai ba. Ciyawa kawai nake ji."

"Ina za ka tuna, kana jariri? Amma kai ka fi ni kwanciya a kai. Ni an ture ni gefe da ka zo. Har amai ka yi masa."

Kawu, da furfurarsa da jikokinsa, ya yi dariya, sannan ya juya baya ya daɗe yana duba igiyar maraƙin da ba abin da ya same ta. Da ya juyo sai ya cire malafarsa ya soke ganyen a cikin saƙarta, ya mayar kansa. Ya ɗauki fartanya ya ce mu biyo shi.

Akwai wani tudu mai duwatsu a ƙarshen gonarsa, inda garma ba ta shiga. Ya ce Goggo ta taɓa nuna masa cewa a wajen ne bukkar iyayensu take kafin a matso kusa da rijiya. Ba wata alama da ta rage, sai duwatsu da wata tsohuwar aduwa. A nan ya haƙa ya dasa. Inna ta tsaya a kansa tana ba da umarni, ta ce ramin ya yi zurfi, ya rage, ta ce kuma ya yi kaɗan. Suka koma Hausa, muryoyi suka tashi, har matar Kawu ta leƙo daga gida ta ga ko lafiya. Na ɗaga mata hannu na ce lafiya lau, dashe ake yi.

Da aka gama muka sauko. Matar Kawu ta dama fura da kindirmo mai sanyi, muka zauna a gindin mangwaro muka sha. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, Kawu ya ce mu kwana, Inna ta ce ta bar shanya a waje kuma Malam ba zai tuna ya kwashe ba. Aka tsayar mana da mota a bakin titi, muka shiga da ƙwaryar da muka zo da ita, an cika mana ita da man shanu.